Yadda Ake Kashe Kukan Sirdin Fata

Duk sirdin da ka ji yana ƙara idan an hau, wasu abubuwa biyu ne ke gugar juna a jikinsa, kuma galibi busasshiyar fata ce a kan 'yar'uwarta. Shi ya sa abin ya fi tsananta da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke tsotse maiƙon fata. Haka kuma sirdin da aka jefa ɗaki tun bayan Babbar Sallah, ba a sake waiwayarsa ba sai ana gobe hawa. Sabon sirdi ma yana kuka kafin fatarsa ta saki.

Abin da na fi gani wajen sababbin masu doki da yaran barga shi ne, da sun ji ƙarar sai su rarumo mai su kwarara wa sirdin gaba ɗaya. Kwana biyu shiru, rana ta uku kukan ya dawo, ga fata ta yi baƙi, ga bayan babbar riga ya ɓaci. Ba su san inda ƙarar take fitowa ba, shi ya sa man bai kai wurin ba.

To, fara da nemo wurin. Wannan shi ne rabin aikin, kada ka yi masa gaggawa. Ɗora sirdin a kan turmi da aka kwantar ko wani gungume mai kauri, ka hau, ka sa ƙafa a likkafa, ka riƙa miƙewa kana zama kamar yadda kake yi a kan doki. Ka sa wani ya tsuguna kusa ya kasa kunne, domin wanda ke sama yakan ji kamar ƙarar daga ko'ina take zuwa. Sai ka cire ƙafar dama ka gwada da hagu kaɗai, sannan ka sauya ƙafa. Idan kukan ya tsaya da ka cire ƙafa, to igiyar likkafa ce ke gugar fatar da ke ƙarƙashinta, kuma nan ne ya fi yawan zama. Idan bai tsaya ba, duba inda majayi, wato ɗamarar da ke bi ta ƙarƙashin cikin doki, ya haɗu da sirdi, sannan ka ɗaga fatun gefe ɗaya bayan ɗaya. Wurin da ake gugar ba ya ɓuya: za ka gan shi ya yi santsi yana sheƙi, wani lokaci har da ɗan jan gari a jiki.

Kafin ka ci gaba, gwada itacen ciki. Dafa kwacciyar gaba, wato tudun gaban sirdi, a cinyarka, ka kama ta baya da hannu biyu ka jawo ta wajenka, sannan ka ɗan murɗa. Idan ka ji "ƙas" ko ka ga sirdin yana lanƙwasa, ka ga fatar mazauni tana tattarewa, itacen ya tsage ko haɗinsa ya saki. Wannan babu man da zai gyara shi. Kada ka sake ɗora shi a bayan dabba. Karyayyen sirdi yana danna gadon baya a wuri guda har ya zama miki, in ya warke kuma farin gashi ya fito a wurin, ga haɗarin da mahayi ke ciki idan aka zo sukuwa. Kai shi wajen masu haɗa sirdi ko baduku da ya san aikin, in a Kano kake ka nufi Kasuwar Kurmi. Kuɗin gyaran bai kai na jinyar doki ba.

Idan itacen lafiya yake, sai wanki. Kwance likkafu da majayi, ka karkaɗe ƙura da busasshen buroshi, musamman cikin lungunan ɗinki inda yashi ke maƙalewa. Yashin nan shi kansa yana ƙara, kuma yana cin zare. Goge da tsumma mai ɗan danshi, wanda aka matse sosai. Sabulun gari na wankin kaya bai dace da fata ba, yana busar da ita. Ka bar shi ya sha iska a inuwa. A rana fata ƙandarewa take yi.

Yanzu mai. Ni man kaɗe nake sawa, kuma shi nake ba kowa shawara: yana da araha, yana daɗewa bai yi wari ba. Masu sirdin folo sukan yi amfani da wani mai da ake cirowa daga ƙashin ƙafar shanu, yana da kyau in ka samu, amma da tsada. Man gyaɗa kuwa a bar shi a kicin, yana hamami in ya jima, kuma ɓeraye yake gayyatowa. Baƙin man inji ko kusa kada ya zo. Lakuto man kaɗen ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa, ka narkar da shi a tafin hannu, ka murza a bayan fatar, wato gefen da ke da kaushi, don nan ne take sha. Igiyar likkafa kada ka cika mata mai: in ta yi laushi da yawa miƙewa take yi, ka wayi gari ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Mazauni kuma a ƙyale shi, sai in kana son ka riƙa zamewa. Bar sirdin ya kwana, da safe ka goge abin da bai shiga ba.

Sai bayan man ya shige tsaf za ka sa hoda. Masu haɗa su lokaci guda kwaɓi kawai suke yi, wanda ƙura za ta manne masa. Hodar jarirai ta kanti ta isa. Kifar da sirdin, ka buɗa tsakanin fatun da ka gano suna guga, ka barbaɗa ta can ciki har inda yatsa ba ya kaiwa, ka bubbuga da tafin hannu ta gangara. Wasu suna sa sitaci, yana aiki da rani, amma da damina dunƙulewa yake yi ya kawo fumfuna. Idan ƙarar ta ƙarfe ce a wajen maɗauri, goga masa kyandir.

Mayar da komai, ka ɗaura, ka fita kilisa. In da sauran kuka, ƙara hoda, kada ka ƙara mai. Sabon sirdi yakan buƙaci a maimaita masa hodar na ɗan lokaci kafin ya yi shiru. Bayan kowane hawa ka goge gumin doki daga majayi, domin gishirin da ke cikinsa yana busar da fata, sannan ka rataye sirdin nesa da ƙasa saboda gara, ka lulluɓe shi da tsohon zane.