Yadda Ake Shafa Fenti a Kan Katakon da Aka Rina Kwanan Nan

Idan kafinta ya shafa wa kujera ko teburi rinin katako, sannan mai kayan ya ga launin bai kwanta masa ba, ana iya rufe shi da fenti, amma sai rinin ya bushe sarai. Rini mai mai yakan buƙaci kwana 2 zuwa 3, a Legas kuwa, inda iska ke ɗauke da laima musamman da damina, gara a ba shi mako guda a wurin da iska ke shiga. Kafin a ci gaba, a goga farin ƙyalle a jikin katakon. Idan ya ɗauko launi ko hannu ya ji danƙo, da sauran lokaci.

Bayan nan a bi shi da samfefa mai laushi, lamba 220, ana bin tsawon katakon, sannan a share ƙurar.

Matakin da bai kamata a tsallake ba don sauri shi ne shafin farko, wato firaima. Ya fi kyau a yi amfani da firaima mai mai, domin fentin ruwa ba ya kama rini sosai, kuma katako irin maɗaci da loko yakan fitar da launinsa ya ɓata farin fenti da tabo ruwan ƙasa. Idan firaimar ta kwana ta bushe, a shafa fenti sau biyu, kowanne siriri, a bar na farko ya bushe kafin na biyu.