Kwat Ba Kaftani Ba Ce: Kurakuran Da Masu Wuyar Awo Ke Yi Wajen Zaɓenta

Mu da muka tashi da kaftani da babbar riga mun saba da tufa mai rufa asiri. Ko tumbi ya fito, ko kafaɗa ɗaya ta sauka, yadi zai zubo ya lulluɓe komai. Kwat ba haka take ba. An gina ta ne a kan kafaɗa, daga can take rataye, kuma duk inda ta saɓa da jikin mai ita sai ta nuna. Shi ya sa ma'aikacin banki mai tumbi, ko lauya dogo siriri, ko saurayin da ɗaga ƙarfe ya buɗe wa ƙirji, kan kashe kuɗi mai yawa amma ya fito kamar ya ari kayan wani. Ba jikinsu ne da laifi ba, yadda suka yi zaɓen ne.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ke haifar da rabin sauran, shi ne sayen kwat da awon wurin da ya fi faɗi a jiki. Lambar da ke jikin kwat, 38 ko 40 ko 42, awon ƙirji ce da inci, a tsarin Ingila da Amurka. A tsarin Turai, wanda kayan Italiya da Turkiyya ke bi, sai a ƙara 10, wato 40 ta zama 50. Abin da yawancin masu saye ba su sani ba shi ne, a kwat da wandon kanti, ƙugun wando yakan gaza lambar kwat da inci 6. Kwat mai lamba 42 da wando mai ƙugu 36 take zuwa. To, ɗauki mutumin da ƙirjinsa 42 ne, ƙugunsa ma 42. Ya gwada, wando ya ƙi rufuwa, sai mai shago ya yi ta hawa da shi har 48 inda wando ya shiga. Ya biya ya tafi gida da kwat ɗin da kafaɗarta ta zarce tasa nesa, hannu ya rufe masa yatsu, ƙirji ya yi lami kamar buhun da ba a cika ba.

Na ga wannan da idona a kan ƙanena lokacin da yake shirin shiga makarantar horon lauyoyi, inda baƙar kwat da farar shet suke dole. Mun kai wa tela uku, kowa ya juya ta ya ce ƙugu da hannu zai iya, kafaɗa kuwa sai dai a warware kwat ɗin gaba ɗaya, kuma kuɗin aikin zai kusa sayen sabuwa. Gaskiya suka faɗa. A kafaɗa ne soso da shafi da wuyan kwat da saman hannu suka haɗu, taɓa ɗaya taɓa duka ne.

Don haka daga kafaɗa ake farawa. Ɗinkin da ya haɗa hannu da jikin kwat ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare. Ga gwaji mai sauƙi: saka kwat ɗin, ka jingina gefenka da bango a hankali. Idan soson kafaɗa ya riga damtsenka taɓa bango har ya lanƙwashe, ta yi maka yawa. Idan kuma ka ga wani ɗan rami ya lotsa a saman hannu, ƙasa da kafaɗa kaɗan, wurin bai dace da damtsenka ba, ajiye ta. In kafaɗa ta zauna, sauran kusan duk aikin tela ne.

Wandon fa? A raba su. Nemi shagon da ke sayar da kwat daban, wando daban, daga yadi ɗaya. Idan babu, ɗinki ya fi maka. Haka shawarar take ga wanda matsalarsa ta juya, mai ƙirji 44 da ƙugu 32. Wandon da zai zo masa 38 ne, kuma in aka ce a rage inci 6 ta ɗinkin baya, aljihunan baya biyu sai sun kusa haɗewa, wando ya lalace. Inci 2 ne abin da ƙugun wando ke ɗauka lafiya, ragi ko ƙari, shi ma ƙarin sai in an bar rarar yadi a ciki. Juya wandon ka duba kafin ka biya. Mata masu aikin ofis sun fi kowa shan wannan wahala, domin da wuya awon ƙirji da na ƙugu su faɗa lamba ɗaya, su ma raba sayen ne mafita.

Akwai kuma masu ganin babbar kwat za ta ɓoye musu ƙiba. Tunanin babbar riga ne aka kawo inda ba ya aiki. Yadin da ya yi yawa ƙara girman mutum yake yi a ido, ya kuma gajarta shi. Matsattsiya ma ba ta taimaka ba. Rufe maɓalli ka dubi madubi: idan yadi ya ja ya yi layuka huɗu daga maɓallin kamar alamar X, ta matse. Idan za ka iya cusa dunƙulen hannu biyu, ta yi yawa. Tafin hannu ɗaya ya shige tsakanin ƙirji da kwat ba tare da kokawa ba, shi ke nan. Maɓallin ƙasa kuwa ba a rufe shi, domin an yanka kwat ɗin ne a kan zai kasance a buɗe. Ana danganta al'adar da Sarki Edward na Bakwai na Ingila, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910, mutum ne mai jiki sosai.

Mai tumbi yana da wani kuskuren nasa na daban, wato ɗaura wando a ƙarƙashin ciki. Ya fi daɗi da farko, na sani. Amma sai tumbin ya rufto a kan bel, farar shet ta leƙo ta ƙasan maɓallin kwat, ƙafafu su koma gajeru, gindin wando ya yi ta lilo. A sa tela ya tsawaita saman wandon ya kai kusa da cibiya, yadda zai zubo daga kan ciki kai tsaye. A nan igiyoyin da ke rataye wando a kafaɗa sun fi bel amfani nesa ba kusa ba, don ba sa datse ciki kuma wando ba ya zamewa. Wanda cinyarsa ke da kauri ya nemi wando mai ninki ɗaya ko biyu a gaba. Alamar matsi a nan ita ce aljihun gefe ya buɗe baki kana tsaye. Haka tsagar bayan kwat: in ta wage, kwat ɗin ta matse a mazaunai ne, kuma ɗinke tsagar ba magani ba ne, buɗa gefe ake yi.

Tsawo abu ne da ake raina wa, alhali shi ma ba ya gyaruwa sosai. Harafin da ke bayan lamba shi ke faɗa: S na gajere, R na matsakaici, L na dogo. Gajeren mutum ya sayi R da niyyar a datse ƙasa, sai aljihu ya dawo dab da baki, maɓalli ya sauka ƙasa da inda ya kamata, fasalin ya tafi. Abin da ya wuce inci ɗaya ɓarna ne. Dogo kuma ya ɗauki R don kafaɗa ta yi, wuyan hannunsa ya fito fili. Kwat ta rufe mazaunai ta tsaya, hannunta ya ƙare a ƙashin wuyan hannu, a ga bakin shet kamar rabin inci. Kafin ka yarda da alkawarin za a gyara hannu, duba maɓallan bakinsa. In ramukansu na gaske ne masu buɗewa, gyaran sai ta kafaɗa, aiki ne mai tsada da ba kowane tela ke iyawa ba.

Yanzu ga waɗanda suka zaɓi ɗinki. Telan da ya ƙware a kaftani da aikin wuya ba lallai ne ya iya kwat ba, sana'o'i biyu ne da suka haɗa keken ɗinki kawai. Kada kunya ta hana ka tambaya. Ka ce ya nuna maka kwat ɗin da ya ɗinka a jikin mutum, ba a rataye ba, kuma mutumin ya zama mai irin jikinka. Duba bayan wuya: ko wuyan kwat ya kwanta a kan na shet, ko ya ja baya ya bar rata? Wanda ke ɗan ranƙwafawa, kamar yawancin masu wuni a kan tebur, shi ke samun wannan ratar. Wanda ke tsayuwa a miƙe sosai kuma yadi ne ke tattarewa a ƙasan wuyansa. Duk biyun a wurin yanka ake maganinsu, tef ɗin awo kaɗai ba ya gano su, sai idon tela.

Mu ma masu kai ɗinkin muna ɓata wa tela aiki. Da an ɗauko tef sai mutum ya haɗiye ciki, ya banƙaro ƙirji kamar soja a fareti. An auna wani mutum ke nan da ba shi zai sa kayan ba. Tsaya yadda ka saba tsayuwa, da shet da takalmin da za ka riƙa sawa, kuma ka bar abin da ka saba ɗauka a aljihu. In kafaɗarka ɗaya ta fi sauka, kamar yadda take ga mutane da yawa, ka faɗa, ɗan ƙarin soso a gefe ɗaya ya wadatar. Sannan ka dage a kan gwaji kafin a gama. A titin Savile Row na Landan, inda ɗinkin kwat ya yi suna, ana haɗa ta da zaren wucin gadi a gwada a jiki sau biyu ko uku kafin a rufe. Ba sai ka je Landan ba, ko a Kano ko a Aba kana iya neman gwaji ɗaya kafin a sa shafi. Sai dai hakan na son lokaci. Wanda ya kai yadi ana saura mako ɗaya ganawar neman aiki, ko a tsakiyar cunkoson ɗinkin Sallah, ya riga ya yafe gwajin. Ka kuma roƙi a bar rarar yadi a gefuna da bayan wando, jiki yana sauyawa.

Yadi ma yana da nasa. Kwat da wando kan ci kusan yadi 4 na mai faɗin inci 60, dogo ko mai jiki ya ƙara, kada a tsuke. Yadin roba mai sheƙi yana kama haske a duk inda jiki ya tudu, ga shi ba ya shan iska, a zafin Afrilu azaba ne. Ulu mara nauyi mai sakakkiyar saƙa ya fi, shuɗi mai duhu ko ruwan toka mai duhu, da rabin shafi a baya maimakon cikakke. Rubutun Super 150 da ke gefen yadi kada ya ruɗe ka: sirantar zare yake nunawa, kuma zare siriri sosai ya fi saurin cinyewa, musamman a tsakanin cinyoyin mai jiki. Don aikin kullum, 100 zuwa 120 sun fi ƙarko. In da hali, a ɗinka wando biyu, don shi ke riga kwat mutuwa.

Gwanjo ba abin kunya ba ne, sau da yawa a kasuwar Kofar Wambai ta Kano za ka tsinci kwat ɗin ulu da ta fi sabuwar kanti. Amma kada ka amince da lambar da ke ciki, wataƙila mai ita na farko ya riga ya gyara ta daidai jikinsa. Tafi da tef, ka kuma shafa ƙirjinta. In ka ji ƙuraje-ƙuraje kamar iska ta shiga ƙarƙashin yadi, gam ɗin da ya manne ciki ne ya saki, guga ba ta mayar da shi.

In ka kawo ta gida, sabuwa ce ko gwanjo, ɗauki ƙaramin almakashi ka cire tambarin kamfani da ke ɗinke a bakin hannu, da zaren da ya kame tsagar baya. An sa su ne don ajiya a shago. Sannan ka zauna a kujera da ita, ka miƙa hannu kamar za ka yi rubutu, ka ga ko hammata ta ƙyale ka, domin a zaune za ka yi yawancin wuninka a cikinta.