Ƙara layi ɗaya kafin ka sa hannu a takardar fim

'Yan uwa 'yan wasa na Jos, musamman masu tasowa, ga shawara.

Idan furodusa ya miƙo maka takardar yarjejeniya, kada ka yi gaggawa. Ɗauki biro ka ƙara wannan a ƙasa: "Fuskata da muryata na wannan fim ne kaɗai. Ban yarda a kwaikwaye su da ƙirƙirarriyar basira ta AI ba sai da izinina a rubuce da sabon biya."

Ku biyun ku sa hannu a gefen layin, da kwanan wata. Ka ɗauki hoton takardar a waya nan take, tun kafin a kunna kyamara.

Yanzu ɗan guntun sautin muryarka ya isa a sa ka faɗi abin da bakinka bai taɓa furtawa ba, ko a juya fim zuwa wani harshe da muryarka ba a kira ka situdiyo ba, balle a biya ka. Wannan na cikin abin da ya sa 'yan wasan Amurka yajin aikin kwana 118 a 2023, har suka samu sharaɗin neman izini da biya. Mu ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta san da haƙƙin ɗan wasa, amma ranar rigima takarda za a tambaye ka.

Sai dai ka duba abin da ke rubuce a saman takardar. In akwai inda aka ce ka sallama duk haƙƙinka har abada, a soke shi tukuna.

Kuma layin bai ɗaure wanda ya kwashi bidiyonka daga TikTok ba. Shi kana iya kai ƙararsa ga manhajar.