Yadda Ake Gano Matsalar Mai da Hayaƙi a A-kori-kura Mai Dizal da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Injin dizal da ya fito daga kamfani an auna masa mai daidai da iskar da zai iya shaƙa. Da zarar an sauya lissafin kwamfutarsa, ko an sa masa manyan nozul (masu fesa mai cikin silinda), ko an ɗora babban turbo (na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa ta tura ƙarin iska cikin inji), wannan ma'auni ya goce, kuma duk wani ɗan rauni da ke ɓoye a layin mai ko na iska sai ya fito fili. Abin takaici shi ne yawancin masu mota, da sun ga hayaƙi, sai su ruga sayen nozul, alhali shi ne mafi tsada kuma sau da yawa lafiyarsa ƙalau. A auna tukuna, a fara daga abu mai sauƙi, sannan a kwance abin da awo ya nuna.

Kafin komai, gargaɗi ɗaya. A injunan zamani masu bututun tara mai (bututu ɗaya da ke raba wa duk nozul mai), matsin man yakan kai 1,600 zuwa 2,000 bar. Tsartuwar da ido bai gani sosai tana iya huda fata ta shiga nama. Kada ka sassauta bututun ƙarfe inji yana aiki, kada kuma ka laluba yoyo da hannu. A sa kwali kusa da wurin a duba ko ya jiƙe.

Mataki na 1: Mayar da kwamfuta yadda take

Idan motar tana da maɓallin zaɓen ƙarfi, sauke shi zuwa na ƙasa, ko a mayar da lissafin kamfani gaba ɗaya. Cire duk wani akwatin ƙari da aka jona wa sensar matsin mai, domin aikinsa shi ne yi wa kwamfuta ƙarya, kuma muddin yana nan sikana (na'urar da ke karanta kwamfutar mota) ma ƙarya za ta karanta maka. In matsalar ta ɓace, ka san lissafin yana neman man da famfo ba zai iya bayarwa ba, ko man da iska ba za ta iya ƙonawa ba. In ta ci gaba, akwai abin da ya lalace.

Jona sikana ka rubuta lambobin matsala da ta nuna kafin ka goge su. P0087 na nufin matsin mai ya yi ƙasa, P0088 ya yi sama, P0299 turbo bai tura iskar da ake so ba, P0234 kuma ya tura fiye da kima.

Mataki na 2: Karanta hayaƙin

Launi kaɗai bai isa ba. Lura da lokacin da yake fitowa da kuma warinsa. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. Fari mai yaji a ido, mai warin ɗanyen dizal, mai ne da bai ƙone ba. Fari mai ɗan zaƙi a hanci wanda ke watsewa da wuri, ruwan lagireto ne. Shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne ke shiga wuta. Ɗan tururi da sanyin safiya wanda ke ɗaukewa cikin minti biyu ba ciwo ba ne.

Motar da ke da matatar kunkunniya a salansa bai kamata ta yi baƙin hayaƙi ba ko da injin yana da matsala, domin matatar tana riƙe shi. In ka ga baƙi a bakin salansarta, matatar ta tsage ko an cire ta. Cire ta ya saɓa wa doka a ƙasashe da yawa, ciki har da Amurka, kuma ba ya warkar da abin da ke toshe ta.

Mataki na 3: Daga tanki zuwa babban famfo

Nan ne ya fi cancanta a daɗe, don nan mafi yawan matsalolin suke. Buɗe magudanar da ke ƙasan filtar raba ruwa, ka tari man a kwalba mai haske, ka ajiye minti goma. Ruwa zai kwanta a ƙasa. Baƙin yauƙi na nuna ƙananan ƙwayoyin halitta da ke tsira a tanki mai ruwa. Idan kuwa ka haska fitila ka ga burbushin ƙarfe mai ƙyalli, dakata nan, kada ka sake tayar da injin.

Sauya filta ko da ba ta daɗe ba. Injin zamani yana son mai tacewa 2 zuwa 5 maikron, kuma motar da aka ƙara wa ƙarfi tana jan mai da yawa, saboda haka filtar da ta ɗan toshe za ta wadatar a silo (inji na aiki ba a taka totur ba) amma ta gaza a hawan tudu da kaya.

Sai gwajin iska a layi. Sa guntun tiyo mai haske dab da mashigar babban famfo, wato mai matsa mai zuwa nozul, ka tayar. Kumfa mai bin juna tana nufin layin yana zuƙar iska ta wani wuri: robar murfin filta, famfon hannu da ya tsufa, mahaɗin tiyo, ko bututun tanki da ya yi tsatsa. Irin wannan yoyo ba ya ɗigar da mai a ƙasa, shi ya sa yake wahalar da mutane. Alamarsa ita ce mota ta yi wuyar tashi bayan ta kwana, ta yi farin hayaƙi tana karkarwa, sannan ta daidaita.

Daga nan jona geji bayan filta ka auna matsin ƙaramin famfon da ke turo mai, a silo da kuma a kan hanya totur a ƙasa. Awon silo kaɗai yaudara ne. A injin Cummins 5.9 mai famfon VP44, wanda Dodge ta yi amfani da shi daga tsakiyar 1998 zuwa 2002, man da kansa ne ke sanyaya famfon yana kuma yi masa maiƙo. In matsin ya faɗi ƙasa da 5 psi (wajen sulusin bar ɗaya) a cikakken totur, famfon yana cin kansa, kuma masu aikin sun fi son ganin 10 psi ko sama. Injunan Duramax, na motocin Chevrolet da GMC, na 2001 zuwa 2016 ba su zo da wannan ƙaramin famfo ba sam, babban famfon ne ke zuƙo mai daga tanki, don haka duk wanda ya ƙara musu ƙarfi sosai ya kamata ya sa musu shi. Bincika murfin tanki ma: in mashaƙarsa ta toshe, za ka ji ya ja iska da ƙarfi idan ka buɗe.

Mataki na 4: Matsin da ake so da wanda ake samu

A sikana, buɗe layi biyu tare: matsin da kwamfuta ke nema da wanda sensa ke gani. Wani ya tuƙa, kai ka kalla. A silo za ka ga wajen 250 zuwa 400 bar gwargwadon inji, kuma layukan biyu su riƙa tafiya tare. In an taka totur na gaskiyar ya biyo na nema sannan ya zame a hankali, mai ne bai isa ba: ko ɓangaren tanki, ko famfo ya gaji, ko manyan nozul sun fi ƙarfinsa. In kuwa ya faɗi farat ɗaya motar ta mutu a ƙafa, zargi bawul ɗin sauke matsi da ke jikin bututun tara mai. Lissafi mai zafi yakan sa ya buɗe, kuma in ya buɗe sau da yawa ba ya sake rufewa da kyau. Cire tiyon da ke bayansa ka sa a kwalba. A silo bai kamata ya zubo da komai ba.

Wanda ya ga ƙyalli a mai ya kwance bawul ɗin auna mai da ke jikin famfo ya dubi ragarsa. Famfon CP4, wanda ke kan Ford 6.7 tun 2011 da Duramax na 2011 zuwa 2016, in ya lalace yana watsa garin ƙarfe ko'ina. Sauya famfo kaɗai asara ce: sai an sauya nozul da bututai, an kuma wanke tanki, in ba haka ba sabon ma zai bi tsohon.

Sai yanzu ne aka iso kan nozul. Jona wa kowanne tiyon mayar da mai zuwa kwalba mai awo, ka bar injin a silo na lokaci ɗaya. Wanda kwalbarsa ta cika fiye da 'yan'uwansa nesa ba kusa ba, shi ke zubar da matsi ta ciki. Sikana ma tana nuna gyaran da kwamfuta ke yi wa kowace silinda. A Duramax ana so ya tsaya tsakanin +4 da -4 inji da zafi, giya a fakin. Amma lamba mai yawa ba hukunci ba ce a kan nozul, domin silinda mai raunin matsi ma haka za ta nuna.

Mataki na 5: Baƙin hayaƙi, nemi iskar da ta ɓata

Dizal yakan fara baƙi idan iska ta gaza wajen kashi 18 a kan kashi 1 na mai. Ɗan baƙi na daƙiƙa ɗaya kafin turbo ya ɗauka sananne ne a motar da aka sa wa babban turbo. Wanda ke ci gaba bayan turbo ya ɗauka, ƙarfi ne ke fita ta salansa yana dafa injin.

Duba filtar iska, sannan ka toshe mashigar turbo da murfi mai bakin kwampreso, ka hura 1 zuwa 1.5 bar, ka fesa ruwan sabulu a kowane mahaɗi, da gefunan intakula (mai sanyaya iskar turbo) inda aka lanƙwasa su. Tiyon roba yakan tsage ta ƙasa inda ido bai kai ba, kuma danshin mai a wurin shi ke tona shi. Cire sensar matsin iska ka share kunkunniyar da ta toshe hancinta. Duba ko bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, ya maƙale a buɗe. A turbo mai fikafikai masu motsi, umarce su da sikana su buɗe su rufe, ka ga ko suna kaiwa ƙarshe. Baƙin layin toka a mahaɗin salansa kafin turbo yana nufin hayaƙin da zai juya shi yana tserewa.

Motar da aka ƙara wa ƙarfi dole ta sami gejin zafin salansa, kuma a dasa sensarsa kafin turbo. Kada a daɗe sama da digiri 675 na Salshiyas ana jan kaya. Sensar da ke bayan turbo takan karanta ƙasa da gaskiya da digiri 100 ko fiye.

Mataki na 6: Fari da shuɗi

In farin na sanyi ne kawai, auna hitocin da ke ɗumama silinda kafin a tayar. Kowace takan nuna wajen 1 om, wadda ta yanke ba ta nuna komai. In farin bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, duba taimin, wato lokacin da nozul ke fesa mai, sannan a gwada matsin silinda, inda bambancin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari tsakaninsu abin dubawa ne. Nozul mai ɗiga yakan haɗa da ƙara kamar ana buga guduma, da baƙin mai da ke ƙaruwa a sandar awo yana warin dizal. Kada a tuƙa haka, yana huda fistin.

Ruwa na raguwa ba yoyo a waje? Matse babban tiyon lagireto da safe kafin a tayar. In yana da tauri, gasket ɗin kan inji yana sakin iska cikin ruwa, abin da ke faruwa idan matsin turbo ya miƙar da kusoshin kai. In yana da laushi, fara zargin mai sanyaya EGR, ka leƙa cikin bawul ɗin ko a jiƙe yake.

Ga shuɗi, tabbatar ba a cika baƙin mai fiye da layi ba, mashaƙar inji ba ta toshe ba, tiyon da ke mayar da mai daga turbo bai lanƙwashe ba. Kama sandar turbo da yatsu: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin fanka ba ta taɓa bango, amma motsi ciki da waje ya nuna ta gama. Bayan sauya turbo a cire intakula a tsiyaye man da ya taru a ciki. Dizal yana iya cin wannan mai ya yi ta hawa ko an zare makulli, kuma abin da zai tsayar da shi kawai shi ne toshe mashigar iska da faranti ko katako mai kauri, ba da tafin hannu ko tsumma ba.