Canza robar gilashin tsohuwar Peugeot 504

Jama'a, mai 504 da ruwa ke ɗigo masa a dashbod da damina, yawanci robar gilashin gaba ce ta bushe ta tsage. Kada ka tura gilashin da ƙarfi don ya fito. Sa wuƙa mai kaifi ka yanke leɓen tsohuwar robar, tunda dai yar da ita za a yi. Gilashin irin wannan mota ya fi robar wuyar samu.

Da ya fito, duba bakin ƙarfen da gilashin ke zama a kai, musamman kusurwoyin ƙasa, nan tsatsa ke ɓuya. Kankare ta ka shafa fenti, ya bushe tukuna.

Shanya sabuwar robar a rana ta yi laushi, ka ɗaura ta a gilashin, ka zagaya siririyar igiya cikin kwarminta da ke kama bakin ƙarfen, bakin igiyar biyu su haɗu a tsakiyar ƙasa. Shafa ruwan sabulu, ban da baƙin mai ko giris, suna cin roba. Ɗora gilashin a gurbinsa, bakin igiyar na cikin mota. Wani ya danna daga waje da tafin hannu, kai kana ciki kana jan igiyar sannu a hankali.

Na baya ma haka ake yi, sai dai kada sukurdireba ta taɓa gefensa, wargajewa yake yi gaba ɗaya.