Jirgi ya yi latti ko jaka ta ɓata a Abuja: yadda ake ƙorafin da kuɗi ke dawowa

Sana'ata sayar da tikitin jirgi ce a Wuse, kuma yawancin kiran da ke shigo mini da daddare na waɗanda suka maƙale a filin jirgin Nnamdi Azikiwe ne. An ɗage tashi, ko an soke, ko an sauka jaka ba ta fito ba. Kusan kowa da abu ɗaya yake fara ni: "Wallahi na wanke su tas." To madalla, me ka riƙe a hannu? Sai ka ji shiru. A wannan harka wanda ya rubuta ake biya, wanda ya haɗa da shaida ya kuma kai ƙofar da ta dace. Mai ihu a gaban kantar kamfanin jirgi, ruwan roba kawai yake samu, shi ma in an ga dama.

Shirin ƙorafi tun wajen sayen tikiti yake farawa. Ka tabbatar lambar wayarka da imel ɗinka ne a cikin rajistar, ba na ejan ko na yaron da ka aika ba. Kamfanoni ta saƙon waya da imel suke sanar da sauyin lokaci, kuma a jiragen cikin gida idan sun sanar da kai sokewa da awa 24 kafin tashi, ba ka da diyya, sai dai kuɗinka ko wani jirgin. Saƙon ya tafi wayar wani ya kwanta, su dai sun fita. Bayan haka ka adana abu huɗu: tikitin, lambar rajista mai harafi shida da ke jikinsa, takardar shiga jirgi, da ɗan guntun takardar nan mai lamba da suke liƙa maka idan sun karɓi jakarka. Wannan na ƙarshen shi aka fi yarwa, kuma shi ne babbar shaidar da ke nuna sun karɓi kaya daga hannunka. Lokacin da jakar ke kan sikeli ka ɗauke ta hoto, nauyin ya fito a ciki.

Yanzu ga ka a zaune, agogo na tafiya, lasifika na cewa a yi haƙuri saboda "dalilan aiki". Dokar da ke kare ka ita ce Sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, wanda aka sabunta a 2023. A jirgin cikin gida, idan jinkiri ya kai awa biyu, kamfanin zai ba ka abin taɓawa da abin sha da damar yin waya. Idan ya wuce awa uku, kana da ikon cewa ka fasa a mayar maka da kuɗinka cif. Idan abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, ko an rufe filin, masauki da motar kai ka da dawo da kai suna wuyansu. Idan kuwa sokewa suka yi ba tare da sanarwa a kan lokaci ba, ko suka sayar da kujeru fiye da na jirgin suka bar ka a ƙasa alhali ka zo da wuri, bayan kuɗin tikiti ko wani jirgin akwai diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikitin a cikin gida, kashi 30 a na ƙetare.

Ba kowane jinkiri ko sokewa ke jawo diyya ba, shi ya sa tambayar farko ita ce dalili. Hazon Disamba da Janairu ba laifin kowa ba ne. Jirgin da zai sauka Heipang ta Jos ko Kano ba zai tashi ba in matuƙi ba zai ga titin sauka ba, kuma ni ban taɓa jin haushin matuƙin da ya ƙi tashi cikin hazo ba. Haka in an tsayar da zirga-zirga saboda tashi ko saukar shugaban ƙasa, abin da mu 'yan Abuja muka saba da shi. A irin wannan ba diyya, amma kuɗinka na nan in ka fasa. Abin da ya fi yawa kuwa, jirgi ɗaya ne ke zagaye Legas, Abuja, Kano, ya dawo Abuja, ya koma Legas, to lattin da ya yi da safe shi ke ta haihuwa har dare. Saboda haka nake ce wa duk mai ɗaurin aure ko ganin likita ya ɗauki jirgin farko na safe, ko da zai bar gida da asuba kafin cunkoson Lugbe ya tashi.

Ka nemi dalilin a rubuce. In sun ƙi, ɗauki hoton allon da ke nuna lokacin tashi, ka ajiye saƙon da suka turo, ka rubuta a wayarka ƙarfe nawa aka yi kowace sanarwa. Yarinyar da ke kanta ba ita ta ɓata jirgin ba, kuma ba ta da ikon sa hannu a kan naira ɗaya. Ka ce mata, "Ƙanwata, don Allah kira mini manajanku na nan filin." Shi ke da ikon masauki, shi ke iya sa ka a jirgin gobe na safe maimakon na yamma. Wani Alhaji da nake yanka wa tikiti ya kira ni wani dare wajen sha ɗaya, an soke jirginsu na Maiduguri, mutane sun yi dafifi a kanta ana buga tebur. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, fita daga cikin taron nan, nemi jami'in NCAA mai kula da haƙƙin fasinja, ku je wajen manajan tare." Bai yi minti ashirin ba aka rubuta sunansa cikin masu tafiya otal, sauran suna can suna ta faman zagi. Jami'an nan suna cikin filin, a ɓangaren cikin gida da na ƙetare, tambaya kawai za ka yi. Kada ka rikita su da ma'aikatan FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya: waɗancan ginin da titin jirgi da tsaro ne aikinsu, ba ruwansu da tikitinka. Kuma duk zafin ranka kada ka fasa komai ko ka tare ƙofar jirgi, don daga nan kai ne mai laifi, ana iya miƙa ka ga 'yan sanda a kuma hana ka hawa jirgi.

Kafin ka ce a ba ka kuɗinka, yi lissafi. Tikitin da ka saya mako uku da suka wuce ba kuɗinsa ɗaya da wanda za ka saya yau a wani kamfani ba, wani lokaci ya ninka. In tafiyar za ta iya kwana, karɓar jirgin gobe ya fi. In kuwa ka zaɓi kuɗi, ƙa'ida ta ce wanda ya biya da tsabar kuɗi a ba shi nan take, wanda ya biya ta banki ko intanet cikin kwana 14. Za su so su lallaɓa ka da takardar da za ka yi wata tafiya da ita nan gaba. Ba dole ba ne ka karɓa, kuma kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba, don sau da yawa takardar na da wa'adi, in ya wuce ta zama banza.

Akwai wata magana da 'yan sana'ata ba sa son a faɗa. Kuɗi ta hanyar da ya shiga yake fita: in ta hannun ejan ka saya, asusun ejan kamfanin zai mayar wa. Wasu ejan suna karɓa su juya shi wata biyu suna ce maka "kamfani bai saki ba". Rubuta wa kamfanin da kanka ka tambayi ranar da suka mayar da kuɗin tikiti mai lamba kaza. Da wannan amsar a hannu sai ka je ofishin ejan.

Batun jaka ya fi kowanne saurin lalacewa. Bel ya gama juyawa, ya tsaya, mutane sun watse, kai kaɗai da wani akwati mai ɗaure da igiya da ba naka ba. Direba na ta kira daga waje. Kada ka fita. Nemi teburin kayan da suka ɓata na kamfanin, a cike maka takardar rahoto da ake kira PIR, a ba ka kwafi mai lamba. A nan hoton da ka ɗauka zai yi amfani, don "baƙar jaka mai taya" rabin jirgin ke da irinta. Wanda ya tafi gida da niyyar dawowa gobe ya ba su hujjar cewa da jakarsa ya fita. In jakar ta fito a fashe ko a yage, haka nan za a yi, a wurin. A tafiyar ƙetare Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin fasinjan jirgi da kayansa, ce ke aiki: kwana 7 gare ka ka rubuta ƙorafin lalacewa, kwana 21 na jinkiri daga ranar da aka kawo maka jakar, kuma in kwana 21 suka cika ba ta zo ba, ana ɗaukarta ta ɓata sai biya. Kafin nan kana da kuɗin buƙatun gaggawa, na sayen ɗan abin sawa da sabulu. Ka ajiye rasit na duk abin da ka saya.

Biyan yana da iyaka, kuma kamfanoni suna rubutawa a sharuɗɗansu cewa kada a sa kuɗi da gwal da waya da takardu a jakar da za a auna. Hajiyoyinmu masu dawowa daga Umara ko sarin Dubai su ji wannan da kyau. Sarƙar da aka cusa cikin abaya a tsakiyar akwati, in ta yi ƙafa, wahalar da za a sha kafin a ga ko sisi ta fi ƙarfin bayani. Gwal, magani da fasfo a jakar hannu suke tafiya.

Wasiƙar ƙorafin da za ka tura wa kamfanin gajeriya ake so, da Turanci, in ba ka iya ba ɗanka ya rubuta maka. Sunanka yadda yake a tikiti, lambar rajista, lambar jirgin da rana, abin da ya faru da lokutansa, abin da kake nema da adadinsa, lambar asusunka, sai hotunan shaida. Ba wurin tarihin daɗewarka da su, ba wurin Allah ya isa. Tura ta imel ɗin kula da fasinjoji na kamfanin, ka nemi lambar ƙorafi. Kiran waya ba ya barin sawu, gobe wani ne zai ɗauka ya ce bai san zancen ba. In kwana 14 suka wuce shiru, ko aka ba ka amsar rainin hankali, tura komai ga sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, suna da shafin karɓar ƙorafi a intanet. Hukumar takan ciji: a Disamba 2024 ta sanar da hukunta kamfanoni biyar, na gida da na waje, kan laifuffuka irin su ƙin mayar da kuɗi a kan lokaci. Akwai kuma FCCPC, hukumar kare masu saye ta tarayya. Sa maganar a X ko Facebook yakan sa a motsa, amma ka rufe lambar rajistarka da zanen lambobin da ke jikin takardar shiga jirgi, don da su da sunan mahaifinka wani zai iya buɗe tafiyarka ya taɓa ta.

Masu dawowa daga Turai suna barin kuɗi mai yawa a ƙasa. Duk jirgin da ya taso daga ƙasar Tarayyar Turai, ko na wane kamfani ne, in ya iso da lattin awa uku ko fiye bisa laifin kamfanin, dokarsu ta 261 ta 2004 ta ba da diyya, a doguwar tafiya irin Faransa ko Jamus zuwa Abuja har Yuro 600. Ingila na da irinta, har fam 520. A shafin kamfanin ake cike fom ɗin, ba sai da lauya ba.

Sai katin zama ɗan gida na kamfanin jirgi, wanda ake tara maki da shi duk lokacin da ka yi tafiya da su. Rajista kyauta ce, ka yi. Amma ka tara a wuri ɗaya: Ethiopian, Turkish, EgyptAir da Lufthansa duk 'yan ƙawancen Star Alliance ne, kati ɗaya ya isa ka zuba makinsu; British Airways, Qatar Airways da Royal Air Maroc suna oneworld; Air France, KLM da Saudia suna SkyTeam. Amfaninsa na gaske ga ɗan kasuwa shi ne ƙarin kilo da layin gaba idan ka hau mataki, kuma ranar da aka soke jirgi masu babban kati ake fara nema wa kujera. Abin da ba na so shi ne in ga mutum ya ƙi tikiti mai sauƙi da lokaci mai kyau don kawai yana farautar maki, ko ya ji nauyin kai ƙarar kamfani wai don "namu ne". Katin ba ya rage haƙƙinka ko ɗaya, kuma in sun ce za su ba ka maki a madadin diyya kana iya cewa kuɗi kake so. In ka yi tafiya ka manta ba ka ba da lambar katin ba, yawancinsu suna bari a nemi makin daga baya cikin 'yan watanni, da lambar tikiti da takardar shiga jirgi. Ka riƙa leƙa asusun kuma, don a kamfanoni da dama maki na da ranar mutuwa.