Yadda ake ƙarfafa shasin tsohuwar mota kafin sa babban inji

Masu ta tambayata kan tsofaffin Fijo 504 ɗin nan, ga matakan:

1. Cire batir da tankin mai. Walda kusa da fetur ganganci ne wallahi.
2. Sauke tsohon inji.
3. Ɗora motar kan jak huɗu a daɓe mai daidai.
4. Kankare tsatsa har farin ƙarfe ya fito.
5. Yanke inda ya ruɓe, kar a like sabo a kansa.
6. Sayo farantin ƙarfe a Panteka, kasuwar kayan ƙarfe, a toshe gurbin da shi.
7. Yi walda guntu-guntu kana tsallakewa. Nan ake ɓata aiki, in mai walda ya ja layi ɗaya zafi zai murɗe ƙarfen, har ƙofa ma ta ƙi rufuwa.
8. Ƙara kauri wajen kujerar inji.
9. Shafa fentin hana tsatsa.